Yadda Za a Saba wa Yara Cin Abinci Mai Gina Jiki a Makaranta Ba Tare da Kashe Kuɗi Mai Yawa Ba

Da wuya a sami ɗalibin aji huɗu na firamare da ba zai iya jero rabe-raben abinci a ka ba idan an tambaye shi a jarrabawa, haka kuma babu uwa ko uban da bai san ƙwai ya fi alewa amfani a jikin ɗansa ba. Amma da zarar an kaɗa ƙararrawar tara, yaron nan da ya cinye makin darasin abinci gaba ɗaya zai ruga bakin ƙofa ya sayi lemon kwalba da biskit. Yaro yana cin abin da ke kusa da hannunsa, wanda kuɗin aljihunsa ya isa ya saya, wanda kuma ya ga abokansa suna ci. Saboda haka duk mai son gyara cimar yara a makaranta, iyaye ne ko malami ko shugaban makaranta, zai fi cin riba idan ya rage yawan wa'azi, ya mayar da hankali ga tsara abin da yaron zai tarar a gabansa a lokacin da yunwa ta kama shi.

Abin da jikin yaro yake nema

Kafin a shiga batun kuɗi, ya kamata a san abin da ake nema a cikin kwano. Yaro ɗan makaranta yana bukatar abincin da zai ba shi kuzari, wato hatsi irin su shinkafa da masara da alkama, ko kuma saiwoyi irin su dankali. Yana bukatar abin da zai gina tsokarsa da ƙashinsa, wato wake da gyaɗa da ƙwai da kifi da nama da madara. Yana kuma bukatar ganye da 'ya'yan itatuwa, waɗanda ke ɗauke da bitamin da sauran sinadaran da ke kare jiki daga cuta. Kashi na farko kusan kowane gida yana samar da shi, domin shi ne mafi araha kuma shi ke cika ciki. Giɓin yakan kasance a kashi na biyu da na uku, kuma a nan ne aikin yake.

A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'auni a kan ganye da 'ya'yan itatuwa: yaro mai shekara 2 zuwa 5 ya samu aƙalla giram 250 a rana, mai shekara 6 zuwa 9 ya samu giram 350, daga shekara 10 zuwa sama kuma giram 400. Babu wanda zai riƙa auna abincin ɗansa a sikeli kowace safiya, amma ma'aunin yana nuna cewa ɗan ganyen da ake barbaɗawa a saman abinci don ado bai kai ko kusa ba. Hanya mai sauƙi ita ce a tabbatar cewa duk lokacin da yaro ya zauna cin abinci akwai abin da ya kai cikin tafin hannunsa na ganye ko ɗan itace.

Akwai sinadarai uku da suka fi shafar karatu kai tsaye. Na farko shi ne sinadarin ƙarfe, wanda rashinsa ke jawo ƙarancin jini. Yaron da jininsa ya yi ƙasa yakan gaji da wuri, hankalinsa ba ya zama a kan allo, sau da yawa ma ana ɗaukarsa malalaci alhali kuwa jikinsa ne ba ya samun isasshiyar iska a cikin jini. Ana samun wannan sinadari a hanta da nama da kifi, ana kuma samunsa a wake da koren ganye, sai dai jiki ba ya zuƙar na tsirrai da sauƙi. Dabarar ita ce a haɗa wake ko ganye da abin da ke da bitamin C, kamar lemon zaƙi ko tumatir ko ɗan matsin lemon tsami, domin hakan yana ƙara yawan abin da hanji ke zuƙa. Shayi kuwa yana yin akasin haka, don haka ya fi kyau a raba lokacin shansa da lokacin cin abinci. Wannan ya fi muhimmanci ga 'yan matan da suka fara al'ada, saboda jinin da suke rasawa kowane wata. Na biyu shi ne sinadarin aidin, wanda rashinsa ke kawo maƙoƙo kuma yake tauye bunƙasar ƙwaƙwalwa, maganinsa kuwa bai wuce amfani da gishirin da aka sa wa aidin ba. Na uku shi ne bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi da raunin garkuwar jiki, kuma ana samunsa a karas da kabewa da mangwaro da gwanda da koren ganye da gwaiduwar ƙwai. Da yake mai ne ke narkar da bitamin A, ɗan man da aka sa a girki yana taimaka wa jiki ya amfana da shi.

Inda kuɗin yake zurarewa

Ƙorafin da aka fi ji shi ne abinci mai kyau tsada gare shi. Akwai gaskiya a ciki, domin nama da madara da 'ya'yan itacen da ba lokacinsu ba ne suna da tsada a ko'ina. Amma kafin a yanke hukunci, ya kamata magidanci ya yi wani ɗan lissafi na mako guda: ya rubuta duk kuɗin tarar da yake bai wa kowane yaro, ya tambayi yaron abin da ya saya da shi ba tare da faɗa ko tsawa ba, sannan ya tara jimilla a ƙarshen mako ya kwatanta da yawan wake ko ƙwai ko gyaɗar da wannan kuɗin zai sayo a dunƙule. Yawancin waɗanda suka yi wannan lissafi za su ga cewa kuɗin da ke fita kaɗan-kaɗan ya fi yadda suke zato, kuma babban kasonsa leda da kwali da talla yake biya.

Abincin da ya fi kowanne rama kuɗinsa shi ne haɗin hatsi da wake. Furotin ɗin hatsi, wato sinadarinsa mai gina tsoka, yana da ƙarancin wani sinadari da ake kira laisin, wanda wake ke da shi a wadace, shi kuma wake yana da ƙarancin wani wanda hatsi ke cike gurbinsa. Idan aka haɗa su, abin da jiki ke samu yana kusantar ingancin na nama a kan kuɗin da bai kai nasa ba. Shi ya sa al'ummomi daban-daban a duniya, waɗanda ba su taɓa haɗuwa ba, kowacce ta ƙirƙiro girkin da ya haɗa hatsinta da wakenta tun kafin masana su gano dalili. Bayan wannan sai ƙwai, wanda dafaffen guda ɗaya yake ɗauke da kimanin giram 6 na furotin, ya zo da marufinsa na halitta, kuma ba ya zuba a jaka. Ƙananan kifi busassu da ake ci har da ƙayarsu suna ba da furotin tare da sinadarin kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi, kuma sun fi manyan kifi araha.

Game da kayan marmari, ƙa'idar ita ce a bi kaka. Duk ɗan itacen da lokacinsa ya yi, a lokacin ne ya fi araha kuma ya fi daɗi, kuma babu wata fa'ida ta musamman a cikin wanda aka yo jigilarsa daga nesa da ba a samu a wanda ke kusa. Hatsi da wake da gyaɗa kuma a saye su da yawa bayan girbi idan akwai hali da wurin ajiya, ko kuma gidaje biyu ko uku su haɗa kuɗi su saya su raba. Sai dai a kula da ajiya: gyaɗa da masarar da suka sha danshi suna yin fumfuna mai fitar da guba da ake kira afulatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Duk ƙwayar da ta canza launi ko ta yanƙwane ko take ɗaci, a tsince ta a zubar, kada arahar ta ruɗi mutum.

Karin kumallo da kwanon makaranta

Yaron da ya kwana bai ci komai ba tun abincin dare, idan ya fita da safe haka nan, ya shafe awa goma sha biyu ko fiye cikinsa babu komai, kuma a wannan hali ake sa ran ya fahimci lissafi. Karin kumallo ba ya bukatar girki mai tsawo. Abin da ake so shi ne wani abu na hatsi tare da wani abu mai furotin, domin furotin da dusar hatsi suna jinkirta narkewar abinci, yunwa ba ta dawowa da wuri. Ruwan shayi mai sukari da farin burodi kaɗai suna tashin yaro na ɗan lokaci, amma kafin a yi darasi biyu sun bi ruwa. Idan safiya tana yi wa gidan ƙaranci, a yi rabin aikin tun da dare: a jiƙa wake, a dafa ƙwai, a wanke kwanuka da gorar ruwa, a ajiye komai wuri guda.

Wajen haɗa kwanon da yaro zai tafi da shi, a tuna cewa lokacin tara gajere ne kuma yaro yana son ya yi wasa. Abincin da ke bukatar cokali da wurin zama da natsuwa yakan dawo gida yadda ya tafi. A zaɓi abin da ake iya ci cikin minti goma, a yanka 'ya'yan itace ƙanana ko a ɓare su, a kuma sa daidai abin da yaron zai iya cinyewa. Cika kwano maƙil saboda tausayi asara ce, kuma yana sa yaro ya ji abincin ya zame masa aiki. Ga ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara 5, a guji ba su gyaɗa a ƙwayarta da duk wani abu mai tauri da zai iya shaƙe su, a niƙa ko a yanka.

Yana da amfani a tsara jadawalin kwana biyar a manna a bangon kicin, a riƙa juya shi. Wannan yana rage tunanin me za a dafa da asuba, yana sa cefane ya tafi bisa tsari, kuma idan an bar yaron ya zaɓi kwana ɗaya ko biyu daga cikin abubuwan da iyaye suka riga suka amince da su, yakan ci da marmari domin yana ganin zaɓinsa ne. Ragowar abincin dare, idan an adana shi da kyau aka kuma ɗumama shi sosai, yana iya zama abincin makaranta, kuma babu abin kunya a cikin wannan.

Batun sukari da abin sha

Idan mutum abu ɗaya kawai zai iya canzawa, to ya canza abin sha. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana, kuma idan aka rage shi zuwa kashi 5 ya fi. Ga yaron da ke bukatar kalori 1,800 na kuzari a rana, kashi 10 ya kama giram 45, wato kimanin ƙaramin cokali 11. Gwangwani ɗaya na lemo mai mililita 330 yakan ɗauki kusan giram 35. Ke nan da gwangwani guda yaron ya kusa cinye kasonsa na yini, tun kafin a lissafa sukarin shayi da biskit da alewa. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, hukumar ta sanya zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse cikin wannan lissafi, ko da ba a ƙara musu komai ba. Lemon zaƙin da aka ɓare aka ci da totuwarsa yana cika ciki kuma sukarinsa a hankali yake shiga jini, wanda aka matse kuwa ana kwankwaɗe ruwan guda uku a numfashi ɗaya.

Illar farko da ake gani ita ce ruɓewar haƙori, wadda ke hana yaro barci da zuwa makaranta. Ta biyu ita ce ƙiba, wadda ta daina zama matsalar ƙasashe masu arziki kaɗai: alƙaluman hukumar na shekarar 2022 sun nuna yara da matasa fiye da miliyan 390 masu shekara 5 zuwa 19 suna da nauyin da ya wuce ƙima. Yaro yana iya yin ƙiba kuma a lokaci guda yana fama da ƙarancin jini, domin abin da ke cika cikinsa kuzari ne kawai babu sinadarai. Ganin yaro ya yi ɓul-ɓul bai isa hujjar cewa yana cin abin da ya dace ba.

Abin da zai maye gurbin lemo shi ne ruwa mai tsabta a gorar da yaron yake so, sai kuma madarar da ba a zuba mata sukari ba idan da hali. Ba lallai ne a haramta lemo da alewa har abada ba, domin abin da aka hana da ƙarfi yakan ƙara daraja a idon yaro. A cire su daga abincin kullum, a bar su ga ranakun biki. Haka nan a koya wa yaron da ya iya karatu duba bayan leda: ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, don haka idan sukari ya zo na farko ko na biyu, an san abin da aka saya. Gishiri ma a sa masa ido, musamman a soyayyun kayan leda da ƙunshin ɗanɗanon taliya mai saurin dahuwa. Ma'aunin babba bai kai giram 5 a rana ba, na yaro kuwa ya gaza haka, kuma harshen da ya saba da gishiri tun ƙuruciya yana wahalar gyaruwa.

Kada abinci ya lalace kafin a ci

Abincin da aka zuba da ƙarfe 6 na safe aka ci da ƙarfe 11 ya yi awa biyar a jaka, kuma wannan babban al'amari ne a lokacin zafi. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salsiyos, shi ya sa ƙa'idar lafiyar abinci ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a zafin ɗaki. Mafita biyu ce. Ko dai a zuba abincin yana tururi a cikin kula mai riƙe zafi, bayan an ɗauraye ta da tafasasshen ruwa don ta ɗumama, ko kuma a zaɓi abin da ba ya saurin lalacewa, kamar ɗan itace da ɓawonsa, gasasshiyar gyaɗa, da burodi. Wanda ke da firji yana iya daskarar da gorar ruwa ya sa ta kusa da kwanon, ta riƙe sanyi, kafin tara kuma ta narke ta zama abin sha. A wanke kwano da murfinsa da sabulu kowace rana a bar su su bushe, domin lungun murfi ne maɓoyar datti.

Wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da bayan fitowa daga banɗaki yana rage gudawa da tsutsar ciki, kuma tsutsar ciki abokiyar tarayya ce a duk abin da yaro ya ci. A wuraren da ta yi yawa ana raba maganinta a makarantu lokaci-lokaci, kuma ya dace iyaye su ba da haɗin kai. Idan kuma akwai abincin da jikin yaro ba ya karɓa, kamar gyaɗa ko ƙwai ko madara ko kifi, har yana sa shi borin jini ko kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, wajibi ne a sanar da malamin ajinsa a rubuce, domin yara suna musayar abinci a tsakaninsu.

Yaron da ke ture kwano

Ƙin sabon abinci ɗabi'a ce ta ƙuruciya, kuma yawancin iyaye suna sarewa da wuri. Masu binciken cimar yara sun lura cewa yaro yakan bukaci a gabatar masa da abu sau da yawa, wani lokaci har sau goma ko fiye, kafin harshensa ya karɓe shi. A riƙa sa kaɗan a gefen abin da ya saba ci, a bar shi ya ɗanɗana ko ya bari, a sake kawowa bayan kwana biyu ba tare da an mayar da abin rigima ba. Ɗure da duka da barazana suna haɗa abincin da baƙin ciki a zuciyar yaro. Alƙawarin alewa ga wanda ya cinye ganyensa ma yana da illa, domin yana koya masa cewa ganye wahala ce, alewa kuma lada. Kwaikwayo ya fi duk waɗannan tasiri: yaron da yake ganin iyayensa da yayyensa suna cin abu da daɗin rai, a hankali zai miƙa hannu. Wanda aka bari ya tsince wake ko ya wanke tumatir ko ya zaɓi ɗan itace a wurin cefane, shi ma yakan so ya ɗanɗana abin da hannunsa ya taɓa.

A kuma kiyaye harshe. Kada a yi wa yaro gori a kan ƙibarsa ko ramarsa, a gida ko a aji, domin irin wannan magana tana iya kai matashi ga ƙaurace wa abinci ko ci a ɓoye. A yi maganar abinci ta fuskar ƙarfi da gudu da kaifin ƙwaƙwalwa, waɗanda yara ke so su samu.

Rabon makaranta a cikin aikin

Duk ƙoƙarin gida yana iya rushewa a bakin ƙofar makaranta. Ba na ganin hikima a korar masu sayar da abinci, domin za su koma bayan katanga inda babu mai sa musu ido, kuma sana'ar ce abincinsu. Abin da ya fi shi ne hukumar makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su zauna da su a yi yarjejeniya: a ba su wuri mai inuwa da tsabta a cikin haraba, su kuma su rufe abinci, su tanadi ruwan wanki, su kawo dafaffen ƙwai da 'ya'yan itace da abinci na wake a ƙananan kaso da kuɗin tara zai iya saya, a kuma cire lemon kwalba daga jerin. Mai sayarwa riba yake nema, kuma idan ya tabbata yara za su saya, ba shi da dalilin ƙin sauya haja. Ƙasar Chile ta bi wannan hanya da ƙarfin doka: tun 2016 duk abincin da sukari ko gishiri ko kitse ko kalori ya yi masa yawa ana buga masa baƙar alamar gargaɗi a gaban leda, kuma an hana sayar da mai irin wannan alama a makarantu. Makaranta guda ba ta bukatar jiran doka kafin ta kafa irin wannan ƙa'ida a harabarta.

Abu na biyu shi ne ruwan sha kyauta a wurin da yara za su kai gare shi, da wurin wanke hannu mai sabulu a kan hanyar zuwa wurin cin abinci. Na uku shi ne lokaci. Idan aka ware minti goma sha biyar na cin abinci a zaune, daban da lokacin wasa, yara ba za su zaɓi ƙwallo su bar kwano ba. A Japan, inda dokar abincin makaranta ta fara aiki a 1954 aka kuma kafa dokar ilimin cima a 2005, ɗalibai ne ke raba abinci da kansu a cikin aji, su ci tare da malaminsu, su share wurin bayan an gama. Wannan tsari na rabawa da ci tare ba ya cin ko sisi, kuma malamin da ke zaune yana cin abin da yara ke ci ya fi kowane hoton bango koyarwa. Malamin da ya gama darasin illar sukari ya buɗe lemo a kan teburinsa kuwa ya goge darasin da hannunsa.

Inda makaranta ke dafa abinci da kanta, akwai darussa daga waɗanda suka daɗe a harkar. Finland ta fara ciyar da ɗalibai kyauta a faɗin ƙasa tun 1948. Indiya ta ƙaddamar da shirinta na ƙasa a 1995, kuma a 2001 kotun ƙolin ƙasar ta ba da umarnin a riƙa ba yara dafaffen abinci a makarantun gwamnati. A Brazil, dokar 2009 ta wajabta kashe aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin ciyarwa da gwamnatin tarayya ke bayarwa wajen saye daga ƙananan manoma. Wannan tsari na ƙarshe shi ya fi dacewa da batun araha, domin saye kai tsaye daga manomi na kusa yana rage kuɗin dillali da na mota, kayan suna zuwa da ɗanyensu, manomin kuma ya sami kasuwa tabbatacciya. Ƙaramar makaranta ma tana iya ƙulla irin wannan ciniki da manomi ɗaya ko mai kiwon kaji ɗaya na tsawon zango. Rahoton Hukumar Samar da Abinci ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa yara miliyan 418 ne ke samun abinci a makaranta, don haka duk wanda zai fara ba a duhu zai fara ba.

Lambun makaranta yana da amfani, amma kada a ɗora masa abin da ba zai iya ba. 'Yan kunyoyi kaɗan ba za su ciyar da ɗalibai ɗari biyar ba. Amfaninsu shi ne yaron da ya shuka alayyahu ya ba shi ruwa har ya girma ba ya yi masa kallon baƙo a kwano. A fara da ƙaramin wuri kusa da ruwa, a zaɓi abin da ke nuna kafin zango ya ƙare, a kuma tanadi wanda zai kula da shi lokacin hutu.

A kowace makaranta akwai yaran da ke zuwa babu kwano babu kuɗin tara, kuma sukan ɓoye halin da suke ciki ta hanyar cewa ba sa jin yunwa ko su tsaya a aji su kifa kai a tebur. Malamin aji ne ya fi kowa damar gane su. Taimakon ya kasance a asirce, ta hanyar wani ɗan asusu na ƙungiyar iyaye ko yarjejeniya da mai sayar da abinci, ba tare da layi na daban ko kwano mai launi daban da zai nuna su ba, domin yaro ya gwammace ya wuni da yunwa da a san shi da mai cin sadaka.

Don a san ko tsarin yana aiki, babu bukatar takardu masu yawa. A makaranta, a duba abin da ake zubarwa bayan tara na tsawon mako guda, a rubuta wane abinci ne ya fi dawowa da kuma a wace rana, sannan a canza girkinsa ko a rage yawansa. A gida, a ce wa yaro ya dawo da kwanonsa yadda yake kada ya zubar da ragowa a hanya, tare da alƙawarin ba za a yi masa faɗa ba. Idan aka buɗe da yamma aka ga wake ya ƙare amma karas na nan, gobe sai a gwada yanka shi siriri ko a dafa shi cikin shinkafar, a sake dubawa.